Inshorar Mota Ga Matashin Da Ya Karɓi Sabon Lasisi: Abin Da Doka Ta Tanada A Legas

Mahaɗar Iyana Ipaja da ke ƙaramar hukumar Alimosho a Jihar Legas na daga cikin wuraren da sabon direba ke fara gane cewa tuƙin makaranta daban, tuƙin titi daban. A nan ne hanyoyin da suka fito daga Egbeda da Ipaja ke haɗuwa da babban titin Legas zuwa Abeokuta, daga nan kuma ake ratsawa zuwa Agege. Danfo na tsayawa duk inda ya hango fasinja, Keke Marwa na kutsawa ta kowace kafa, manyan motocin BRT kuma na bin layinsu da aka killace tun lokacin da aka buɗe hanyar Oshodi zuwa Abule Egba a watan Agustan 2020. 'Ya'yan Hausawan Agege da dama a kan wannan hanya suke yin aikensu na farko da motar gida: kai kaya kasuwar Ile-Epo, ɗauko baƙo daga tasha, ko leƙa shagon mahaifi a kasuwar Gatan Kowa, wadda sauran mazauna Legas ke kira Katangua.

Tambayar da iyaye ke yi idan yaro ya kawo lasisinsa gida ita ce ko takardar inshorar da ke cikin motar ta shafe shi. Amsar a taƙaice ita ce, a Najeriya mota ake yi wa inshora, kuma kuɗin inshorar dole bai dogara da shekarun direba ba. Ɗan shekara 18 da dattijon da ya shekara 40 yana tuƙi kuɗi ɗaya ake biya wa motarsu. Amma batun shekaru da ƙwarewa bai ɓace ba, yana nan cikin sharuɗɗan yarjejeniyar, inda mutane ƙalilan ne ke karantawa, kuma sai ranar da aka yi haɗari yake fitowa fili.

Asalin dokar

Tilasta inshorar mota ya girmi Najeriya mai 'yanci. Ingila ce ta sanya shi cikin dokar hanyarta ta 1930, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta kawo irinsa nan ƙasar da Dokar Inshorar Ɓangare na Uku ta Motoci ta 1945, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 1950. Dokar Inshora ta 2003 ta ƙarfafa shi a sashe na 68, inda ta haramta wa mutum ya hau titi da mota, ko ya ba wani izinin hawa da ita, matuƙar ba ta da inshorar da za ta biya ɓarnar da aka yi wa wasu. Hukuncin da wannan sashe ya yanke shi ne tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun. A watan Agustan 2025 fadar shugaban ƙasa ta sanar da cewa Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta tattara tsofaffin dokokin wuri guda, kuma wajibcin inshorar ɓangare na uku yana nan a cikinta.

Abin lura ga iyaye shi ne kalmar izini. Laifin bai tsaya kan wanda ke riƙe da sitiyari ba, ya haɗa da wanda ya miƙa masa makulli. Uban da ya aiki ɗansa Oko-Oba da motar da inshorarta ta ƙare, shi ma doka ta hau kansa ko da yana zaune a shagonsa.

Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba kamfanoni lasisi da ƙayyade farashin inshorar dole. Tsawon shekaru dokar ta kasance a rubuce amma aiwatar da ita na tafiyar hawainiya, har sai da rundunar 'yan sanda, a ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, ta sanar da fara tilasta ta a faɗin ƙasar daga ranar 1 ga Fabrairun 2025.

Lasisi kafin komai

Babu inshorar da ke aiki ga wanda doka ba ta yarda ya yi tuƙi ba. Mafi ƙarancin shekarun karɓar lasisin tuƙi a Najeriya 18 ne. Mai nema zai fara da takardar izinin koyo, wadda ake kira takardar lana, ya shiga makarantar tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta amince da ita, ya kammala darussa 26, sannan jami'an duba ababen hawa, waɗanda aka fi sani da VIO, su gwada shi. Bayan an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa ana ba shi lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito. A Legas hukumar kula da rajistar motoci ta jihar, MVAA, ita ke aiki tare da FRSC da jami'an duba ababen hawa kan wannan.

Abubuwa uku ne suka fi jefa matasa cikin matsala a nan. Na farko, yaron da bai kai 18 ba amma ya iya tuƙi, kuma a unguwanninmu ba a rasa irinsa, wanda ya koya a garejin kawunsa tun yana 15. Iyawarsa ba ta da amfani a idon kamfanin inshora. Na biyu, lasisin da aka samo ta hannun dillali ba tare da an je an ɗauki hoto ba, wanda galibi idan aka bincika ba a samunsa a rumbun bayanan FRSC. Na uku, ɗan koyo da ya fita shi kaɗai. Sharaɗin takardar lana shi ne a liƙa alamar L a gaba da bayan mota, kuma direba mai cikakken lasisi ya zauna a gefensa. Wanda ya saɓa wa wannan ya ba kamfani hujjar ƙin biya da hannunsa.

Ajin lasisi ma abin dubawa ne. Aji A na babur ne. Aji B, wanda mafi yawan matasa ke karɓa, na ƙananan motoci ne da nauyinsu bai kai tan uku ba, kuma bai haɗa da tasi ko motar ɗaukar fasinja ba. Saurayin da ke da aji B ya ari danfon abokinsa ya yi lodi biyu zuwa Oshodi, a wannan tafiyar tamkar marar lasisi yake.

Mene ne ɓangare na uku?

Sunan ya samo asali ne daga lissafin masu hannu a yarjejeniyar. Mai mota shi ne ɓangare na farko, kamfanin inshora na biyu, duk wani mutum da motar ta cutar da shi ko dukiyarsa kuwa shi ne na uku: mai tafiya a ƙasa, ɗan acaɓa, mai tallan lemo a bakin titi, mai motar da aka buga ta baya, ko mai shagon da aka rushe masa katanga.

A sanarwar da NAICOM ta fitar a watan Disambar 2022, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023, kuɗin wannan inshora ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiyar wasu kuma ta tashi daga naira miliyan 1 zuwa naira miliyan 3. Ƙaramar motar da ɗan kasuwa ke ɗaukar kayansa na kansa da ita naira 20,000 ce, iyakarta naira miliyan 5. Babbar motar dakon kaya naira 100,000, ita ma iyakarta miliyan 5. Keke mai ƙafa uku naira 5,000 da iyakar miliyan 2, babur kuma naira 3,000 da iyakar miliyan 1. Waɗannan iyakoki na dukiya ne. Idan mutum ne ya ji rauni ko ya rasa ransa, ba a yanke wani adadi da kamfani zai tsaya a kai ba, ana biya ne gwargwadon abin da aka sasanta a kai ko kotu ta yanke.

Abin da ba ta biya shi ne abin da mutane suka fi zaton tana biya. Ba ta gyara motar mai inshorar, ba ta biya idan an sace ta ko ta ƙone, ba ta kuma ɗaukar nauyin jinyar direban da ya yi haɗarin. Idan sabon direba ya murƙushe gaban motar mahaifinsa a jikin shingen BRT, wannan asara ta gida ce. Daga nan ne ƙorafin da ake yawan ji ya taso, cewa inshora ba ta biya. Sau da yawa mai ƙorafin ya sayi abu ɗaya ne yana tsammanin wani.

Duk da haka, ga sabon direba ita ce mafi muhimmanci, domin kuskuren ɗan koyo a cunkoso yawanci kan motar wani yake sauka. Kuma a nan ne ya kamata a yi lissafi da idon basira. Naira miliyan 3 ta isa gyaran bamba da fitilun ƙaramar mota, amma tun bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023 farashin kayan gyara ya yi tashin gwauron zabi, kuma titin Abeokuta ba ya rasa manyan motocin alfarma. Duk abin da ya haura iyakar, daga aljihun mai mota zai fito. Kamfanoni na amincewa a ɗaga wannan iyaka idan an ƙara kuɗi kaɗan, kuma gidan da ke da matashi a kan sitiyari ya fi kowa dacewa ya nemi hakan.

Cikakkiyar inshora, da inda shekaru ke shigowa

Cikakkiyar inshora ta ƙunshi duk abin da ta ɓangare na uku ta ƙunsa, sannan ta ƙara da gyaran motar mai ita, da sata, da gobara. Ba dole ba ce, sai dai bankin da ya ba da rancen sayen mota kan sharɗanta ta. Kuɗinta kaso ne na darajar motar, kuma sanarwar NAICOM ta 2022 ta ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 bayan duk wani rangwame. Motar da aka ƙiyasta naira miliyan 8 ke nan za a biya mata aƙalla naira 400,000 a shekara. Tsakanin waɗannan biyu akwai ta tsakiya, wadda ke biyan ɓangare na uku da sata da gobara amma ba ta biyan gyaran karo.

A cikin irin wannan yarjejeniya ne kamfani ke duban wanda zai riƙa tuƙi. Fom ɗin neman inshora kan tambayi su wane ne direbobin motar, shekarunsu, tun yaushe suke da lasisi, da ko sun taɓa yin haɗari. Ƙa'idar inshora ita ce faɗin gaskiya tsantsa, ma'ana mai nema ya bayyana duk abin da zai iya sauya shawarar kamfani ko da ba a matsa masa da tambaya ba. Wanda ya rubuta cewa shi kaɗai ke tuƙa motar, alhali ɗansa ne ke yini da ita, ya ɓoye abin da kamfani zai iya kafa hujja da shi ya soke yarjejeniyar.

Takardar shaidar inshora tana da sashe da ke bayyana waɗanda aka yarda su tuƙa motar. Wata ta ce mai inshora da duk wanda ya ba izini, muddin yana da lasisi mai aiki. Wata kuma ta taƙaita ga mutanen da aka ambaci sunayensu. Wannan layi guda shi ne amsar tambayar da iyaye ke yi, kuma karanta shi ba ya cin minti biyu. Idan takardar ta masu suna ce, sai a koma wa kamfani a ƙara sunan yaron a rubuce. Alkawarin baki daga wakili ba ya tsayawa a gaban sashen biyan diyya.

Sai kuma kason mai mota, wato wani adadi da aka amince mai inshora zai biya daga aljihunsa a kowane haɗari kafin kamfani ya cika sauran. Yarjejeniyoyi da dama na ƙara wani kaso na musamman a kan wannan idan direban da ya yi haɗarin matashi ne ko bai daɗe da karɓar lasisi ba. Shekarun da ake ɗauka a matsayin ƙuruciya da girman kason sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka tambaya ce da ya kamata a yi kafin a biya kuɗi, a kuma nemi a nuna wurin da aka rubuta ta. Akwai kamfanonin da ke cire kason gaba ɗaya idan aka biya ƙarin kuɗi tun farko.

Akwai wani tarko da hauhawar farashi ta haifar. Mai mota ya sayi tokumbo shekaru huɗu da suka wuce, yana ta sabunta inshora a kan tsohon farashi domin kuɗin ya yi sauƙi. Idan motar ta kai naira miliyan 10 a kasuwa amma an rubuta miliyan 5, kamfani na iya ɗaukar cewa rabin motar aka yi wa inshora, ya biya rabin kuɗin gyara. Haka nan ambaliya, wadda duk wanda ya yi damina a Legas ya san ta, da ɓarnar tarzoma, ba kowace cikakkiyar inshora ce ta ƙunshe su ba sai an nemi a ƙara.

Motar gida da aka mayar ta haya

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne halin da matasa da yawa ke ciki. Yaro ya gama sakandare, aiki bai samu ba, ga mota a gida tana zaune. Sai ya yi rajista da Uber ko Bolt, ko ya riƙa kwasar fasinja daga Iyana Ipaja zuwa Ikeja da safe, ko ya riƙa yi wa 'yan kasuwa dakon buhunan albasa ana biyansa. Inshorar motar gida an rubuta ta ne kan zirga-zirgar iyali da harkokin mai ita, kuma ta fito ƙarara ta cire ɗaukar fasinja ko kaya don a biya. Ranar da aka yi haɗari da fasinjan haya a ciki, takardar naira 15,000 ɗin nan ba za ta yi magana ba. Mafita ita ce a sanar da kamfani a sauya ajin inshorar zuwa ta haya, direban kuma ya nemi lasisin da ya dace da aikin. Jihar Legas na buƙatar direbobin haya su bi ta cibiyar horar da direbobi ta jihar, LASDRI, su karɓi katinta.

Dalilin da ake tsoron sabon direba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka auna da yawan jama'a. A Amurka, inda ake tattara alƙaluma dalla-dalla, an gano cewa direbobi 'yan shekara 16 zuwa 19 na shiga haɗarin da ake rasa rai kusan ninki uku na waɗanda suka kai 20 zuwa sama, idan aka auna da nisan tafiyar da kowa ya yi. Dalilan sanannu ne: rashin saba hango haɗari tun daga nesa, gudu, tuƙin dare, waya a hannu, da abokai a cikin mota suna zuga.

Saboda haka a Ingila da Amurka matashi na biyan kuɗin inshora mai tsada ƙwarai, wani lokaci fiye da kuɗin tsohuwar motar da yake tuƙawa. Kamfanonin Ingila kan sanya wata 'yar na'ura a mota mai lura da gudu da taka birki da lokacin fita, su rage kuɗi ga mai natsuwa. Dokarsu ta 1995 kuma ta tanadi ƙwace lasisin sabon direban da ya tara makin laifi shida cikin shekara biyun farko. Tsarin Najeriya na farashi ɗaya ya sauƙaƙa wa matasa, kuma adalci ne a faɗi hakan. Illarsa ita ce babu wani abu a cikin farashin da ke tuna wa uba cewa makullin da ya miƙa yau ya fi na jiya haɗari.

Takardar bogi

Shekara da shekaru, mafi yawan mutane na karɓar takardar inshora ne a cikin tarin takardun mota da dillali ya haɗo musu daga harabar ofishin lasisi, ba su san sunan kamfanin ba balle ofishinsa. Da yawa daga cikin irin waɗannan takardu bugun kwamfuta ne kawai, da sunan kamfanin da babu shi ko wanda aka daɗe da soke lasisinsa. Suna iya wuce shingen bincike a da, amma ba su taɓa biyan kowa ko sisi ba.

Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Najeriya, NIA, ta kafa rumbun bayanai mai suna NIID domin magance wannan. Kowa na iya shiga shafin askniid.org ya sanya lambar mota, ko ya danna *565*11# a wayarsa, ya ga ko inshorar na nan da ranar da za ta ƙare. Jami'an tsaro ma da shi suke dubawa, kuma a Legas akwai kyamarori a kan tituna masu karanta lambar mota, ta yadda tara kan iske mai mota ta saƙon waya ba tare da kowa ya tare shi ba. Duk takardar da aka sayar ƙasa da farashin da NAICOM ta yanke abar tuhuma ce, araha ba ta ado. Ana saye ne kai tsaye daga kamfani mai lasisi, ko ta shafinsa na intanet, ko ta hannun dillalin inshora mai rajista. A kuma tuna da ƙa'idar da NAICOM ta fara tilastawa tun 1 ga Janairun 2013, cewa inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta.

Mahangar addini da tsarin takaful

A tsakanin al'ummar Musulmi akwai masu ƙyamar inshora saboda dalilin addini, kuma damuwarsu na da tushe a fiƙihu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a watan Disambar 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ta ƙunshi garari mai yawa da ke ɓata ciniki, ta kuma halatta inshorar taimakekeniya da aka gina kan sadaukarwa. Wannan ita ce takaful. Mahalarta na zuba gudummawa a asusu guda da niyyar taimakon duk wanda musiba ta faɗa wa a cikinsu, kamfani na kula da asusun a matsayin wakili ana biyansa ladan aiki, ba a juya kuɗin a harkar riba, kuma idan rara ta saura a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Malamai kan kwatanta ta da tsarin aƙila, inda dangin wanda ya yi kisan kuskure ke haɗuwa su biya diyya a madadinsa. Kwatancin ya dace da batun mota sosai, domin mutuwar da haɗarin hanya ke jawowa galibi a babin kisan kuskure take shiga, kuma matashi ɗan shekara 19 ba shi da abin biyan diyyar rai.

Sudan ce ta fara kafa irin wannan kamfani a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma a yau akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful mai hedikwata a Legas, da Jaiz Takaful a Abuja, da Salam Takaful a Kano. Takardar motar da suka bayar daidai take da ta kowane kamfani a gaban doka. Sharuɗɗan lasisi da izinin tuƙi da amfanin mota da aka ambata a sama duk suna aiki a cikinta, babu sassauci.

Idan haɗari ya auku

Al'adar titin Legas ita ce a fito a yi ta cacar baki, jama'a su taru, a ƙarshe wanda ya fi rauni ya biya. Matashi ne kuwa mai rauni a kowane irin wannan taro, musamman idan Yarabancinsa bai nuna ba. Abu na farko shi ne rai: idan akwai wanda ya ji ciwo a kira 112 ko 767 na gaggawa a Legas, ko 122 na FRSC, a kai shi asibiti. Gudu daga wurin haɗari laifi ne na daban, sai dai idan direba ya ji tsoron taron jama'a, to ya nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa kai tsaye.

Bayan haka a ɗauki hotunan motocin a inda suka tsaya kafin a matsar da su, da lambobinsu, da lambar wayar ɗaya direban da ta shaidu. Yarjejeniyar inshora ta hana mai ita amsa laifi ko yin alkawarin biya ba tare da yardar kamfani ba. Wannan na yi wa tarbiyyarmu nauyi, domin an koya wa yaro ya ba babba haƙuri. Ba da haƙuri da tambayar lafiyar mutum ba laifi ba ne, abin da aka hana shi ne sanya hannu a takarda ko yanke adadin kuɗi a bakin titi. A sanar da kamfani da wuri, a ranar idan ya yiwu, domin kowace yarjejeniya na da wa'adin sanarwa. Kamfani zai nemi fom ɗin neman diyya, da kofin lasisin wanda ke tuƙi a lokacin, da takardun mota, da ƙiyasin kuɗin gyara, da rahoton 'yan sandan sashen kula da haɗurra idan ɓarnar babba ce ko an ji rauni. Kada a kai mota wurin fanabita a fara gyara kafin jami'in kamfani ya gan ta.

Wata dabara da wasu iyaye ke yi don tausayi ita ce uba ya ce shi ne ke tuƙi alhali ɗansa ne. Wannan zamba ce, tana rushe haƙƙin diyya baki ɗaya, kuma a zamanin da kowane mai kallo ke riƙe da waya mai kyamara ba ta da wuyar tonuwa.

Sasantawa ta hannun dattawan unguwa ko fadar Sarkin Hausawa hanya ce mai kyau da ta daɗe tana kashe wutar rikici a Agege, kuma ba ta cin karo da inshora muddin an sanar da kamfani kafin a yanke abin da za a biya. Idan kamfani ya ƙi biya ko ya yi ta jan ƙafa bayan an cika sharuɗɗa, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi da ake kai ƙara kyauta, kuma ƙofar kotu a buɗe take.

Ƙetare iyaka da sabuntawa

Daga Legas zuwa iyakar Seme tafiyar 'yan sa'o'i ce, kuma 'yan kasuwar Agege da dama na da hulɗa da Kwatano. Ƙasashen ECOWAS sun kafa tsarin katin inshora mai ruwan ƙasa a yarjejeniyar da suka sanya wa hannu a Kwatano a 1982, domin motar da ta yi ɓarna a wata ƙasar ƙungiyar a biya waɗanda ta cuta. Tun daga 2023 kuɗin wannan kati na cikin kuɗin inshorar ɓangare na uku a Najeriya, sai dai mai niyyar tafiya ya nemi kamfaninsa ya ba shi shaidar katin kafin ya kama hanya.

Inshorar mota ta shekara ɗaya ce, kuma tana ƙarewa a ranar da aka rubuta ba tare da ƙarin kwanaki ba. Wanda ya sayi mota a hannun wani ba ya gadon inshorar tsohon mai ita, sai ya yi tasa da sunansa. Mai cikakkiyar inshora da ya shekara bai nemi diyya ba na iya neman rangwame lokacin sabuntawa, gwargwadon abin da ƙa'idar kashi 5 cikin 100 ta bari, kuma lokacin ne ya dace a sake ƙiyasta darajar motar, a kuma sanar da kamfani idan wani ƙanen ya kai 18 ya karɓi nasa lasisin.